Zanar da Muka Rataya a Tsakiyar Rumfar Saƙa

Rumfar saƙar babana ta dawo hannuna ne a shekarar alif ɗari tara da hamsin da 'yan kai, daidai lokacin da atamfar kanti ta fara cika kasuwar Ƙanƙara. Ƙauyenmu yana gefen Pauwa, rumfar kuwa tana bakin gari, doguwa, fuskarta na kallon fili. Masaƙa suna zama a jere, kafaɗa da kafaɗa, kowa zarensa ya miƙe gabansa har can nesa, inda aka ɗaure shi jikin kunkuru, ɗan katakon nan da ake ɗora wa dutse yana jan ƙasa a hankali in ana saƙa. Ba mai kallon wani. Idon kowa na kan zarensa, hira kuwa sai dai ta bi ta gefe, daga wannan kunne zuwa wancan. Haka na taso na tarar, ban taɓa tambayar dalili ba.

Babba a cikinmu surukina ne, uban matata. Aminin babana ne tun suna samari, kuma shi ya koya mini wadari, yadda ake jera zare launi launi kafin a ɗora shi a masaƙa. Ina yaro na sha rankwashi a hannunsa, na kuma sha labari. Ranar da ya ba ni ɗiyarsa, magana ta ƙare tsakaninmu. In na hango shi a hanya sai in cire takalmi in durƙusa, shi kuma ya amsa gaisuwar yana kallon wani wuri. A rumfa yana can ƙarshen layi, ni ina wannan ƙarshen, sai mu wuni ban ga ko hularsa ba.

Mai kwashe mana kaya wani dillali ne daga Sheme, ba mu da wani mai saye sai shi. Da bazarar shekarar nan ya zo da jakinsa, maimakon ya ɗora kaya sai na ga yana saukewa. Zannuwanmu ne, a ninke yadda muka ba shi.

Ya ce, "Malam, ba mugunta ba ce. Saƙin nan da kuke yi shi kakata ta ɗaura, shi uwata ta ɗaura. Matan yanzu in sun ga furen kanti ko waiwayo ba su yi. In an fara awon auduga, kuɗi sun shigo hannun mutane, zan zo sau ɗaya. In na tarar da sabon abu in ɗauka. In kuwa wanga ne, to ku yafe ni, jakina ya gaji da hanyar nan."

Gabana ya faɗi, kuma bai tashi ba har damina ta wuce. Na san abin da zai biyo baya. Samarin rumfa za su tafi cin rani su ƙi dawowa, tsofaffi su koma gindin bishiya, gara ta cinye dirkoki. A ce ubansa ya riƙe ta shekara da shekaru, shi kuwa tana zuwa hannunsa ta mutu. Wannan maganar ita ta hana ni sukuni, ina noma ina jin ta a kunnena tun ba a faɗe ta ba.

Na tara mutanen rumfa na faɗa musu, na ce kowa ya kawo dabara. Manya suka ce Allah ya kyauta. Samari suka sunkuyar da kai suna tonon ƙasa da tsinke. Ni kuwa zuciyata a kusa take, kowa ya sani, na ji kamar in ɗauki ƙoshiyar saƙa in bi su ɗaya bayan ɗaya ina ƙwanƙwasa musu kai ko wani abu zai faɗo. Mutane ne masu hannu, wallahi, ba a fi su iya aiki ba a ƙasar nan har Faskari. Amma in ka ce su fito da abin da ba su gada ba, sai ka ce ka tambaye su hanyar Makka.

Ran nan na ci kasuwar Ƙanƙara, na fake ruwa a rumfar wasu maɗinka. Sun zauna a zagaye suna fuskantar juna. Wannan ya ɗaga wuyan riga ya ce ku duba, wancan ya ce a'a, ƙara masa a nan, wani ya fizge ya zana da alli, ana dariya ana musu. Kafin ruwa ya ɗauke sun fitar da wani aikin wuya da ban taɓa gani ba. Na dawo gida ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Na ce ashe ciwonmu ke nan, muna zaune kamar sahun salla, kowa ya ba ɗan'uwansa kunne bai ba shi ido ba, ta ina dabara za ta haɗu da dabara?

Da aka gama maimai, noma na biyu, aiki ya yi sauƙi a gona, na rushe rumfar babana. Ban yi shawara da kowa ba, don na san amsar da zan samu, Allah ya kyauta. Na sa aka saro mini dirkokin ƙirya daga dajin wajen Sabuwa, irin waɗanda gara ba ta iya musu. Na kafa sabuwar rumfa mai faɗi, layi biyu suna fuskantar juna, tsakaninsu bai fi taku kaɗan ba. Na goce mazaunan yadda zaren kowa zai bi ta tsakanin mutum biyu na gabansa ya wuce fili ta bayansu. Na auna inuwa, na auna inda rana ke faɗowa da hantsi, na ajiye randa a tsakiya, na shimfiɗa tabarma inda za a baje ƙyalle kowa ya gani. Har yau in an tambaye ni zan ce ginin nan ba shi da aibi, zare ko ɗaya bai taɓa sarƙewa da wani ba.

Taubashina, ɗan gwaggona, wanda bakinsa ba ya shiru ko a gidan makoki, ya zo ya zagaya rumfar yana taɓe baki. Ya ce, "Kai dai da ka ci tuwo ka ƙoshi sai ka nemi abin rushewa. Wa zai zamna ina?"

Na ce, "Yadda aka saba. Manya wannan layi, yara wancan."

Ya dube ni, ya buɗe baki kamar zai yi magana, sai ya yi dariya ya tafi. Na ɗauka iskancinsa ne na kullum.

Da aka yanke gero aka koma saƙa, safiyar farko kowa ya ɗauko kayansa ya kafa. Na zauna, na gyara ƙafafuna a kan matakai, na ɗaga kai. Surukina ne a gabana, ido cikin ido, kusa har ina ganin furfurar da ke cikin girarsa. Rabona da ganin fuskarsa haka tun kafin aurena. Na yi sauri na sunkuyar da kai, ji nake kamar an kama ni tsirara a rafi.

Da na saci kallon gefe sai na ga ba ni kaɗai ba ne. Ƙauye ne ƙarami, masaƙa kuwa a junansu suke aure. Wannan yana fuskantar uban matarsa, wancan yana fuskantar wan uwar matarsa. Wani dattijo ga ɗansa na fari a gabansa, ɗan da ko sunansa ba ya kira, bare ya zauna yana kallon bakinsa. Na auna dirka, na auna zare, na auna rana, ban auna auratayya ba. Sai a ranar na lura cewa a tsohon layi babana ya san wanda ya raba da wa.

Rumfa ta yi tsit, ba ka jin komai sai ƙoshiya. Hirar gefen ma da ake yi a da ta mutu. Randar da na ajiye a tsakiya ba wanda ya taɓa ta, wa zai ɗaga moɗa ya kafa kai a gaban surukinsa? Samari sai su sulale bayan rumfa su kurɓi ruwa a ɓoye kamar masu karya azumi. Mai tallan fura ta zo ta koma da kayanta. Tsofaffi masu cin goro suka bar shi a aljihu. Mutum yana saƙa wuyansa a karye don kada ido ya haɗu, zare sai tsinkewa yake. Tabarmar da na shimfiɗa don baje sabon ƙyalle, akuya ce kaɗai ta hau ta.

Na ce za su saba. Na daure, muka yi kwanaki a haka, kullum ina komawa gida da ciwon wuya. Sai wata safiya surukina bai zo ba. Washegari ma bai zo ba. Masaƙarsa tana nan a gabana, ƙyallen da ya fara yana rataye, ba kowa a kanta. Na tambayi matata, ta ce an ce idonsa ke ciwo. Mutumin da ke zura zare a allura da magariba.

Nan hankalina ya tashi na gaske. Auduga ta fara fashewa a gonaki, fari fat ko'ina, kowace safiya in na fito na gan ta sai in tuna awo ya kusa, dillali kuma yana tafe. Ba sabon zane, ba tsohon ma na kirki. Wadarin launi da yawa kuwa ba mai iya shi kamar tsohon nan, in ba shi, ko dabarar ta zo ba mai ɗora ta a kan zare. Sauran dattawa suka fara latti, wani ya ce ƙafa, wani ya ce baƙi ya yi. A masallaci na ji ana rage murya in na shigo. Ba ni da itace ko lokacin sake wata rumfa, ba ni kuma da bakin zuwa in ba surukina haƙuri, don zuwan ma kansa wata rashin kunyar ce. Abinci ya daina shiga. Na fara yi wa yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba.

Wata rana da la'asar na dawo na zauna a tsakar gida na yi tagumi, matata tana tankaɗe. Ta bar ni na gama huci, sannan ta ce, "Malam, kai da innata kuna magana ko ba ku yi?"

Na ce, "Muna yi mana. Wace irin tambaya ce wannan?"

"Ka taɓa ganin fuskarta kuna yi?"

Gaskiya ne, in na je gidansu ina tsayawa a bayan danga ne, ita tana ciki. Sai ta ce a gaya wa mai gidan wance kaza, ni kuma in ce a gaya wa Inna kaza, alhali ba kowa a wurin sai mu biyu da kaji. A haka muka sha yanke shawara manya manya, har musu mun taɓa yi a kan maganin yaro.

Matata ta ce, "Baba ba fushi yake ba. Kunya ce ta hana shi sakat. Ya ce wa Inna ko tari ya taso masa sai ya haɗiye." Ta ci gaba da tankaɗenta.

Da gari ya waye na kira taubashina muka ɗauko zana, irin ta gamba da ake kewaye gida da ita. Muka rataya ta a tsakiyar rumfa daga wannan ƙarshe zuwa wancan, muka ɗage ta daga ƙasa yadda zare zai wuce ta ƙarƙashi, hannu ma zai iya miƙa abu, amma fuska ba ta ganin fuska. Sannan muka zauna muka bi mutanen rumfa ɗaya ɗaya, wa ke auren ɗiyar wa, wa ke wasa da wa. Duk masu jin kunyar juna muka raba su, zana a tsakani. Kowa muka sa masa abokin wasansa a gefe, taubashi kusa da taubashi, kaka kusa da jika. Taubashina yana ɗaure igiya yana cewa, "Ka rushe rumfa, ka sha wahalar dirka tun daga Sabuwa, don mutane su ga juna, yanzu kuma ka sa labule don kada su ga juna. In an ce maka mai hankali ka amsa."

Na aiki matata gidansu da ɗan goro, ban ba ta saƙon komai ba, na san za ta faɗa wa uwarta maganar zana, uwar kuma ta san inda za ta kai. Kwana ya wuce, wani ya wuce, mazauninsa shiru. Samari dai sun fara shan ruwa a fili, an fara 'yar hira, amma ni kunnena yana bayan zana. Sai wata safiya ina ɗaura zaren da ya tsinke na ji ƙoshiya ta fara tafiya a gabana. Bugunsa daban ne, yana da ɗan jinkiri kafin ya danna, ko a cikin masaƙa ɗari zan gane shi.

Maganar sabon zane taubashina ya fara ta, da tsiya. Ya saƙa wani ɗan guntun ƙyalle mai muni, ya tura ta ƙarƙashin zana ya ce, "A duba mana wanga, wani ne ya yi, ba ni ba." Aka yi ta dariya a can ɓangaren, wani tsoho ya ce wanda ya yi wannan a kai shi a yi masa ruƙiyya. Daga nan abin ya zama al'ada. Kowa sai ya gwada abin da ke ransa a ɗan guntu ya tura, ba a tambayar na wane ne, ko da an sani. Yaro ya soki aikin dattijo, ai zana ya soka. Mutanen da na ɗauka kansu ba komai, ashe kowa yana da abin da ya daɗe yana juyawa a ciki, wurin faɗa ne babu.

Ni tawa dabarar jan zaren kanti ce. Na ce tun da launi mata ke bi, mu sa ja mai haske a cikin fari da baƙin saƙi. Na saƙa guntu na tura. Ya daɗe a can ana juya shi, sannan muryar surukina ta fito, a hankali.

"A gaya wa mai wannan, jan kanti zuba yake. Wanki ɗaya zai ɓata farin, mace ta dawo mana da shi tana zagi. A bar ja."

Na san muryar wa ce, ba zan ce ban sani ba. Amma a ranar nan na ji an ce an kafa sikelin awon auduga a Ƙanƙara, tsoro ya sa bakina ya riga ni.

Na ce, "A gaya wa mai maganar nan, da a bar kaza a bar kaza muka kai inda muke. In yana da abin da ya fi ja ya fito da shi, in babu ya bar mutane su yi aiki."

Ƙoshiya ta tsaya ko'ina. Taubashina ya zaro ido ya dafe baki, shi da ba ya jin kunyar kowa. Na ce shi ke nan, yanzu zan ji ya tattara kayansa, gobe a aiko a tafi da matata, rumfa ta watse, duk a kan jan zare. Ina kallon ƙasan zana ina jiran in ga ƙafafunsa sun miƙe.

Ƙafafun ba su motsa ba. Can sai ya yi gyaran murya ya ce, "A gaya masa ban ce ja ba shi da kyau ba. Na ce zuba yake. In yana da kunne ya raba maganar biyu."

Kafin in sami abin cewa, wata murya ta fito daga ɓangarenmu, ƙasa ƙasa. Ɗan farin dattijon nan ne, magidanci da 'ya'yansa, wanda tun da nake ban taɓa jin ya yi magana ubansa na wuri ba. Ya ce, "To in aka sa jan tsakanin baƙi da baƙi fa, kada ya taɓa fari? In ya zuba, a kan baƙi zai zuba." Daga bayan zana ubansa ya ce, "A ce wa wancan ya ƙara faɗa, ba a ji ba." Ya ƙara faɗa, da ƙarfi wannan karon. Wani ya ce a riƙa goce ƙyallayen wajen ɗinki don jan ya hau kamar matakala. Surukina ya ce a miƙo masa zaren, shi zai yi wadarin. Na tura masa ta ƙasa, na ga hannunsa ya ɗauka.

Muka saƙa, muka wanke guntu a rafi har sau nawa, farin bai ɓaci ba. Amma hankalina bai kwanta ba, don mu ne muka ce yana da kyau, mu kuwa ba mu ne masu saye ba. Kullum in na ji kukan jaki sai in miƙe tsaye.

Da dillalin ya zo, da hantsi ya zo. Na shimfiɗa masa zanen a wajen rumfa. Ya ɗaga shi a rana, ya murza, ya lashi yatsa ya goga a kan jan ya duba yatsan. Ya juya bayansa ya bi ɗinkin da ido. Bai ce yana da kyau ba, dillali ba ya faɗin haka. Ya dai ninke ya ɗora a kan jaki, ya tambaya ko akwai wani, ya ce kasuwa mai zuwa zai dawo, kada ya tarar da hannunmu wayam.

Na koma cikin rumfa na zauna a mazaunina. Ɓangarenmu sun gani da idonsu, suna ta murna. Na fuskanci zana na ce, "A gaya wa na ciki, an ɗauka. An ce a ƙaro."

Dattawa suka yi hamdala. Daga gabana kuwa ƙoshiyar surukina ta tsaya. Sai na ji yana jan hanci, na ji ya fyace da bakin rigarsa, ya daɗe yana yi. Da ya yi magana muryar ba ta fita sosai.

Ya ce, "A gaya wa mai rumfa, ni ma tun bazara ban yi barcin kirki ba. Tare da ubansa muka kafa ta."

Na sunkuya a kan zarena ina ta gyara abin da bai lalace ba, har na ji ya ci gaba da saƙa, sannan ni ma na ɗauki ƙoshiyata.